Yadda zaka sa fokas ɗin kyamarar DSLR ya zauna inda kake so

Duk wanda ya ɗan daɗe yana ɗaukar hoton biki ya san wannan takaicin. Ka dawo shago cikin dare a gajiye, a ɗan sikirin ɗin bayan kyamara komai yayi kyau tar, kana zuba hotunan a kwamfuta ka buɗe su da girma sai kaga fuskar amarya tayi dishi-dishi, kujerar da ke bayanta kuwa har zaren ɗinkinta kana iya ƙirgawa. Ni ya faru dani a wajen wani kamu farkon fara aikina, hoton da uwar amarya tafi so shi ne ya lalace, kuma kamu dai ba a maimaita shi. Ranar na ɗora laifin akan lens, na kusa sayar da shi ma, ashe lens ɗin lafiyarsa ƙalau ni ne na bar kyamara tana zaɓar min inda zata kama.

Kafin mu shiga danne-danne ya kamata ka san me ke faruwa a cikinta in ka taɓa madannin ɗauka rabi, don in ka gane wannan sauran duk zaka iya hasashensu da kanka. Hasken da ya shigo ta lens yana faɗawa kan madubin nan da kake gani in ka cire lens, madubin ya tura shi sama zuwa tagar da kake leƙawa. To tsakiyar madubin ba a rufe take ruf ba, wani hasken yana ratsawa ya samu wani ƙaramin madubi a bayansa, shi kuma ya jefa shi ƙasa, can ƙasan akwatin akwai wani sensa daban wanda aikinsa kawai fokas. Wannan sensa yana karɓar abu ɗaya ta gefe biyu na lens, yana kwatanta su, in basu hau kan juna ba ya san tazarar da ke tsakaninsu kuma ya san ta wane ɓangare zai juya lens, shi yasa DSLR take cafke fokas da sauri haka ba sai tayi ta lalube ba. Tun 1985 da Minolta 7000 ta fito ake tafiya akan wannan dabarar. Abinda nake so ka riƙe shi ne sensan da ke auna fokas daban, sensan da ke ɗaukar hoto daban, kuma mai aunawar bai san amarya ba bai san kujera ba, layi da bambancin haske da duhu kawai yake nema. Inda ya samu nan zai kama.

Mataki na 1: fara da abubuwan da ake jin kunyar tambaya

Duba jikin lens, akwai ɗan makunni AF (kyamara ta kama fokas da kanta) da MF (ka murɗa da hannu), a Nikon kuma A da M ko M/A da M. Yana gocewa a cikin jaka ba tare da ka sani ba. Masu Nikon irin D90, D7000, D7100, D750 akwai wani makunnin kuma a jikin kyamarar kanta kusa da gindin lens ta hagu, shima sai yana kan AF.

Sai ɗan ƙaramin gargaren da ke gefen tagar leƙawa, shi na idonka ne ba na hoto ba. In wani ya ari kyamararka ya murɗa shi zaka dinga ganin komai a dushe alhali hoton lafiya lau yake fita. Leƙa ka kalli lambobin da ke ƙasa da ɗigogin fokas, wato ƴan akwatunan da ke nuna inda kyamara zata kama, kar ka kalli abinda zaka ɗauka, murɗa har sai lambobin sun fito tar, shikenan ka barshi.

Yanzu maganar da take cin kuɗin mutane a kasuwa. Canon tun 1987 da suka fito da EOS suka sa injin juya fokas a cikin lens, don haka duk lens ɗin EF mai AF da ka ɗora zai juya. Nikon kuwa tsofaffin lens ɗinsu masu harafin D kyamara ce take juya su da wani ɗan sukurun da ke bakinta, kuma D40, D3100, D3200, D3300, D5100, D5300 da ƴan uwansu basu da wannan injin. Sai kaga yaro ya sayi 50mm f/1.8D don tafi arha ya ɗora a D3200 yana ta dannawa shiru, yace an sayar masa da mataccen lens. Ba matacce bane, 50mm f/1.8G mai rubutun AF-S ita ce tasa. Haka kuma yawancin sabbin lens masu rubutun AF-P basa aiki a tsofaffi irin D90, D3100 da D7000. Ka tafi da kyamararka kasuwa ka gwada a gaban mai kaya kafin ka ƙirga kuɗi.

In lens yana yi yana ɗaukewa, cire shi ka goge ƴan ƙarafan nan masu ruwan zinare na bayansa da busasshen ƙyalle mai laushi, gumi da ƙura suna taruwa a wajen.

Mataki na 2: ƙwace zaɓin ɗigo daga hannun kyamara

In dai gargaren sama yana kan koren Auto to babu maganar da zamu yi, kyamara ba zata barka ka zaɓi abubuwa da yawa ba. Maida shi Av a Canon ko A a Nikon, inda kai kake zaɓar buɗewar lens, ko M in ka saba, ko P ma ya isa don farawa.

In ka barta ta zaɓa, yawanci abinda yafi kusa da kai ko wanda yafi ɗaukar ido take kamawa. A wajen biki kuwa me yafi kusa da kai? Kafaɗar wata ƙawa, hannun mai liƙi, wayar wani da ya kutso gabanka yana bidiyo. A ƙananan Canon irin 600D, 700D, 1300D, 2000D danna madannin da ke can sama ta dama a baya mai zanen ƴan ɗigogi, ka juya gargare har ɗigo ɗaya ya rage da ja. A D3000 da D5000 da jerinsu danna i, shiga AF-area mode ka zaɓi Single-point, daga nan kibiyoyin baya ne suke yawo da ɗigon, OK kuma ya dawo da shi tsakiya. A D7000 zuwa sama danne ɗan madannin da ke tsakiyar makunnin AF/M ɗin nan, gargaren gaba yana canza yawan ɗigo, na baya yana canza AF-S da AF-C. Ka zauna a ɗaki kayi ta yi har yatsanka ya haddace ba sai ka cire ido daga taga ba, don a filin aiki babu wanda zai tsaya jiranka kana duba menu.

Mataki na 3: ɗigogin ba ɗaya suke ba

Wannan ne mutane da yawa basu sani ba, suna ƙirga yawan ɗigo kamar shi ne komai. Wani ɗigon layi ɗaya ne kawai, in a kwance yake to abu mai layin tsaye yake gani, in ka nuna masa layin da ya kwanta irin nasa sai ya rikice. Wani kuma gicciye ne, tsaye da kwance duk yana gani, shi ne abin dogaro. 600D da 1300D da 2000D ɗigo 9 ne amma na tsakiya ne kaɗai mai gicciye. 700D da 60D suma 9 ne amma duka masu gicciye, kaga ba ɗaya ba kenan ko da yake lambar ɗaya ce. 70D tana da 19, 80D tana da 45, duka gicciye. 6D ta farko, wadda masu biki suke so saboda kyan hotonta a duhu, ɗigo 11 ne kuma na tsakiya kaɗai ne gicciye, sai dai wannan na tsakiyar jarumi ne a duhu. 5D Mark III tana da 61. A Nikon D3200 zuwa D3500 ɗigo 11 ne ɗaya gicciye, D5300 da D5600 da D7000 suna da 39 guda 9 gicciye, D7100 da D7200 da D750 suna da 51 guda 15 gicciye kuma duk a tsakiya suke a tattare.

Amfanin sanin wannan, da rana tsaka a waje kowanne ɗigo ka ɗauka zai yi maka aiki, amma da zarar an shiga rumfa ko magariba ta kawo kai to koma kan mai gicciye. In kuma dole sai na gefe kuma yaƙi kamawa, ɗan karkata kyamarar kaɗan ka kama fokas sannan ka miƙe ta, sau da yawa yana yi. Sannan ka sani ainihin wajen da ɗigon yake aunawa ya ɗan fi akwatin da aka zana maka a taga faɗi, shi yasa in ka ɗora shi a gefen fuska, rabi fuska rabi bango mai ado, sai ya tsallake ya kama bangon.

Mataki na 4: mai tsaye ne ko mai tafiya

One Shot a Canon, AF-S a Nikon, na abinda yake tsaye ne. Ka danna rabi, ya kama, yayi ƙara ɗan tit, ɗigon tabbaci ya kunna a ƙasan taga, fokas ya kulle a wannan nisan muddin baka ɗaga yatsa ba. In bai kama ba yawanci kyamarar ma ƙin ɗauka zata yi, wanda gata ne tayi maka ko da yake a lokacin haushi zaka ji. AI Servo a Canon, AF-C a Nikon, na mai motsi ne, muddin yatsanka na kai lens yana ta bin abin yana ma hasashen inda zai kai kafin madubi ya ɗaga. A nan babu tit, kar ka tsaya jiranta.

Kuskuren da nafi gani shi ne shigowar ango da amarya. Suna tahowa a hankali ana kiɗa, mai hoto yana kan One Shot, ya kama fokas ya tsaya jiran amarya ta ɗago kai, kafin ta ɗago sun yi taku biyu, fokas yana can inda suka baro. Duk abinda yake matsowa gareka ko yake nisa da kai, ko tafiyar hawainiya yake, Servo ne.

Akwai na uku, AI Focus ko AF-A, wai kyamara ta gane da kanta ko abin ya fara motsi. Ni dai bana amfani da shi, kafin ta yanke shawara an wuce wajen.

Mataki na 5: bashi abinda zai kama

A nan kayanmu suke bamu wahala. Farar shadda wadda tasha bugu tana ƙyalli, in ka ɗora ɗigo a ƙirjin ango inda babu aiki lens zai yi ta kai-komo zuuu zuuu bai samu komai ba, don fari ne fat babu layi. Matsa kan aikin wuyan rigar, ko bakin hula inda ta haɗu da goshi. In hoton mutum ɗaya ne daga kusa to ido, kuma idon da yafi kusa da kai, tsakanin farin ido da gira akwai duk abinda sensa yake nema. Kumatu da goshi basu da komai.

Amarya a lulluɓe kuma wani abu ne daban. In mayafin mai raga ne ko mai duwatsu, kyamara mayafin zata kama don shi ne a gaba kuma shi ne mai ƙyalli, fuskar tana ciki a dushe. Wani lokacin hakan ma kyau yake, amma in fuskar kake so sai ka maida lens MF ka murɗa da hannu, ko ka ƙara lambar f, wato ka ɗan tsuke buɗewar lens, zuwa 4 ko 5.6 yadda duka biyun zasu shiga. Haka in kana ɗauka ta bayan tagar ƙarfe ko ta tsakanin kawunan mutane.

Lokacin hunturu in hazo ya sauka, abu mai nisa duk ya zama toka-toka, dogon lens zai yi ta lalube. Nemi abu mai duhu a wajen, bakin ƙofa, rawani mai launi, kayan doki. In rana tana bayan mutum tana dukan lens kai tsaye shima yana makantar da fokas, sa hular lens ko ka kare da tafin hannu ka kama sannan ka janye.

Kuma kowane lens yana da iyakar kusancinsa. Masu ɗaukar lalle da zobe ku ji, 50mm f/1.8G ta Nikon bata kamawa ƙasa da santimita 45, ta Canon mai STM santimita 35, ƙaramin 18-55 na Canon da ake rainawa kuwa yana zuwa har 25. Dogon 75-300 sai ka ja baya mita ɗaya da rabi. In ka matsa fiye da haka ko ka kwana kana dannawa ba zai kama ba.

Mataki na 6: kama da tsakiya ka juya, da inda yake cutarwa

Dabarar da kowa ya fara koya ita ce ka ɗora ɗigon tsakiya a ido, ka danna rabi, ka riƙe, ka sunkuyar da kyamara ka tsara hoton yadda kake so sannan ka ƙarasa dannawa. Tana aiki, nima ina yi, musamman a kyamara mai gicciye ɗaya. Amma ga lissafin. 50mm a f/1.8 akan ƙaramar kyamara irin 700D, mutum yana mita ɗaya da rabi, kaurin wajen da zai fito tar bai fi santimita 6 ba gaba da baya duka. In ka kama ido sannan ka sunkuyar da kyamara sosai don ka shigo da kwalliyar har ƙasa, fokas ɗin yana iya zamewa baya da ƴan santimita, kaga ya bar ido ya koma kunne ko ɗankwali. Ƙara da cewa kai kanka kana ɗan rangaji ita ma tana numfashi. Don haka in kana kusa kuma lens a buɗe yake wangwam, matsar da ɗigon zuwa ido ya fi, ko ka rufe zuwa f/2.8. In kana nesa kamar mita 4 ko 5 juya abinka babu komai.

Ciwon f/1.8 ɗin nan dai ya kama yara da yawa, an sayi lens mai narkar da baya to komai sai a 1.8, har hoton dangi layi uku. Layin gaba ya fito, su kawu da ke baya sun narke. Hoton taro f/5.6 ne zuwa f/8, ka kama fokas a layin gaba ko na biyu, ka ɗan ja baya.

Mataki na 7: cikin hol da daddare

Wani abu da zai baka mamaki, lambar f da ka saita bata shafar yadda fokas yake gani, don kyamara tana aunawa ne lens yana buɗe iyakarsa, sai lokacin ɗauka take tsuke shi. Ma'ana 50mm f/1.8 ko ka saita ta a f/5.6 tana baiwa sensan fokas haske mai yawa, shi kuwa 18-55 in ka zuƙo shi zuwa 55 iyakarsa f/5.6 ne, wanda shi ne bakin abinda yawancin ƙananan kyamarori suke iya aiki da shi. Shi yasa a hol zaka ga yana kamawa a 18 amma kana zuƙowa ya fara lalube. Maganin shi ne ka rage zum ka taka da ƙafarka, ko ka ɗora 50 ko 35.

Sai hasken taimako. Ƙananan Canon filashin kansu ne yake yin far-far-far, Nikon kuma ƴar farar fitila ce a gaba, dukkansu suna damun mutane kuma basa zuwa nesa. Filashin ɗorawa mai jan gilashi a gaba yafi, yana zana jajayen layuka a jikin mutum sai kyamara ta kama layin, ko a farar shadda. Amma ka riƙe wannan, hasken taimako baya kunnawa a AI Servo ko AF-C, sai a One Shot ko AF-S. Na taɓa ɓata rabin dina ina zaton filashina ya mutu ashe a Servo na baro kyamarar tun shigowar amarya. In ana rawa a duhu ga hayaƙin nan da fitilu masu juyawa, ni One Shot nake komawa, ɗigon tsakiya, in kama in ɗauka nan take ba jira, a f/4, kuma ina ɗaukar uku inda da rana ɗaya zan ɗauka.

Mataki na 8: maida fokas babban yatsa, sannan mu je hawa

Wannan in ka saba da shi da wuya ka koma. Ana raba aikin ne, madannin sama ya zama ɗauka kawai, fokas ya koma wani madanni a baya ƙarƙashin babban yatsa. A Canon masu AF-ON irin 70D, 80D, 6D, 5D shiga Custom Controls ka maida madannin ɗauka Metering start. A ƙananan da basu da AF-ON shiga Custom Functions wajen Shutter/AE lock button ka zaɓi wanda ya maida AF kan madannin tauraro. A Nikon nemo Assign AE-L/AF-L button ka bashi AF-ON, in taka tana da AF activation ka maida shi AF-ON only. Daga nan bar kyamarar a Servo ko AF-C. Abu na tafiya, danne babban yatsa. Abu ya tsaya, danna ka saki, fokas ya zauna nan ko sau goma ka ɗauka ba zai motsa ba, ko wani ya gifta ta gabanka. Kwana biyun farko zaka yi ta mantawa kana ɗaukar dusassun hotuna, don haka kar ka fara gwadawa ranar aikin kuɗi. Kuma in ka miƙa wa wani yaro kyamarar ya ɗauke ka ka gaya masa, in ba haka ba duk abinda ya ɗauka ya tashi a banza.

Inda zaka ga amfaninsa sosai shi ne hawan sallah. Mahaya sun taho a guje zasu yi jahi a Ƙofar Kudu, ƙura ta tashi, dogarai da ƴan kallo suna ta giftawa. Ɗigo ɗaya tak yana da wuyar riƙewa akan doki mai gudu, to a nan ne ake buɗa masa ƴan taimako, a Nikon Dynamic-area mai 9, ko Group-area in kana da D750 ko D7500, a Canon kuma Zone a 70D da 80D, ko faɗaɗa ɗigo a 7D da 5D Mark III. In ƙaramar Canon mai ɗigo 9 ɗin nan ce kawai gareka tsaya a na tsakiya ka bar fili a hoton ka yanke daga baya. 3D-tracking na Nikon yana bin launi, yana kyau in mahayi ɗaya ne a fili, amma cikin zugar da kowa ya sha ja da kore sai ya yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan. Fara bin mahayin tun yana nesa, ka bashi kamar daƙiƙa ɗaya lens ya gane gudunsa kafin ka fara ɗauka, kar ka ɗago kyamara ka danna gaba ɗaya lokaci guda. Ɗora ɗigon a ƙirjin mahayi ko rawaninsa, in ka ɗora a kan doki to kan dokin yana gaba da mahayin sosai, fuskar mutumin zata dushe, kuma shi zai biya kuɗin hoton ba dokin ba. Gudun shota, wato saurin ɗaukar hoton, 1/1000 na daƙiƙa ko sama, f/5.6 zuwa f/8, rana ai akwai ta.

Mataki na 9: ka tabbata ma fokas ne matsalar?

Buɗe hoton a kwamfuta ka zuƙo shi sosai ka nemi inda ya fito tar. In akwai wajen da yayi kaifi amma ba inda kake so ba, fokas ne. In babu ko ina, komai ya ɗan ja gefe ɗaya kamar an shafa, hannunka ne ya girgiza, gudun shota yayi ƙasa, da 50mm kar ka sauka ƙasa da 1/100, da 200mm kuwa 1/320 zuwa sama in lens ɗin bashi da IS ko VR, wato abin rage girgizar hannu. In bango yayi tar mutum ne kawai ya shafe, hannu ko kai, to motsinsa ne, IS da VR basa tsayar da mai rawa, sai ka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar hasken sensa, ka ƙara gudu ko ka sa filashi.

Mataki na 10: in kullum baya yake kamawa ko gaba

Tunda mai auna fokas daban mai ɗaukar hoto daban, in aka samu ɗan saɓani kamar kaurin gashi a tsakaninsu, ko kyamara ta taɓa faɗuwa, sai ya zama kullum fokas yana sauka bayan inda ka nuna ko gabansa. Kar ka yanke hukunci da hoton biki, gwaji ake yi. Kafa kyamara akan ƙafa uku a waje mai haske, manna takarda mai baƙin rubutu a jikin kwali ta fuskanci lens sosai, jingina rula a karkace a gefenta yadda wata lamba, ace 15, zata yi daidai da fuskar takardar. Nisa kamar sau 50 na tsawon lens, wato 50mm mita biyu da rabi. Buɗe lens iyakarsa, One Shot, ɗigon tsakiya akan takardar ba akan rular ba, sa mai ƙirga daƙiƙa 2 don kar hannunka ya girgiza. Ɗauki biyar, kowanne ka murɗe fokas ɗin da hannu ya ɓace kafin ka sake kamawa. Sannan kunna Live View, wato kallo ta sikirin ɗin baya maimakon taga, ka ɗauki ɗaya, shi Live View akan ainihin sensan hoto yake aunawa don haka wannan saɓanin baya shafarsa, shi ne ma'auninka.

In biyar ɗin sun watse wani gaba wani baya, ba saiti bane, ko haske yayi kaɗan ko injin lens ɗin ne ya gaji. In duka sun tafi gefe ɗaya to sai gyara. A Canon sunansa AF Microadjustment, yana cikin 50D, 7D, 70D, 80D, 6D da 5D Mark II zuwa sama, babu shi a 60D da su 600D da 700D. A Nikon AF fine-tune, daga D7000 zuwa sama, babu a jerin D3000 da D5000. Daga -20 ne zuwa +20, in baya yake kamawa tafi wajen minus, in gaba wajen plus, fara da 5 ka sake gwadawa ka dinga ragewa ko ƙarawa, kuma ka ajiye wa kowane lens nasa daban kar ka saita duka a lamba ɗaya. In taka bata da wannan saitin, ko kaga duk lens ɗin da ka ɗora gefe ɗaya yake tafiya har 20 bata isa ba, kai ta wajen mai gyara kawai.

Kafin ka kai ta ma ɗan gwada wannan, musamman bayan hunturu ko bayan hawa. Cire lens, shiga menu wajen goge sensa da hannu don madubi ya ɗage, kifa bakin kyamarar ƙasa, ka hura ƙasan akwatin da ƴar robar hura iska inda tagar sensan fokas take, ƙura tana kwanciya a wajen ta rage masa gani. Banda hurawa da baki, banda sa yatsa ko auduga, kuma batir ya zama a cike don kar madubin ya faɗo kana tsakiyar aiki.

Shi Live View ɗin da na ambata, a tsofaffi irin 600D da D3200 da D5300 a hankali yake, sai yayi gaba yayi baya kafin ya zauna, bai dace da mai motsi ba sam, amma ga kayan lefe, zobe, kek, ko hoton kaya na masu sayarwa a Instagram yafi komai daidai, ka zuƙo sau 10 a sikirin ka gani da idonka. Daga 70D da ta fito a 2013 Canon suka sa wata dabarar fokas akan sensan hoto mai suna Dual Pixel, su 80D, 800D, 200D, 6D Mark II duk suna da shi, a waɗannan kam Live View yana da sauri har yana bin fuska, in zaka ɗaga kyamara sama da kawunan mutane wajen yanka kek juyo sikirin ɗin ƙasa ka taɓa fuskar amarya da yatsa ka ɗauka.